Yadda Ake Gyara Kammalawar Takardar Nazarin Balagar Jawabi

Shekara da shekaru ina duba jingar ɗalibai a Gusau, kuma wurin da na fi zubar da jan biro shi ne sakin layin ƙarshe. Sau da yawa ɗalibi yakan yi aiki mai kyau a tsakiya. Ya kamo maganar mai jawabi, ya nuna inda ya saka karin magana, ya gano inda ya sassauta murya. Da ya iso kammalawa sai ƙarfinsa ya ƙare, dare ya yi, gobe ne ranar miƙawa, sai ya kwaso gabatarwarsa ya sauya mata riga ya ajiye a ƙasa. Abin yana damuna, domin wannan sakin layin shi ne abu na ƙarshe da malami yake karantawa kafin ya rubuta maki, kuma a nan ne ake gane ko ɗalibi ya fahimci jawabin ko kuwa ƙirga dabarunsa kawai ya yi.

Na rubuta wannan bayani don wanda ya riga ya gama rubutun farko, ko yana karatu a Gusau ko Maru ko Argungu ko Birnin Kebbi. Da “ka” zan yi magana don sauƙi, amma ɗalibai mata suna ciki.

Abin da kake buƙatar sani kafin ka fara kaɗan ne. Malamanmu na zaure sun koyar da cewa balaga ita ce magana ta dace da halin da ake ciki, tare da fasaha. Aristotal, masanin ƙasar Girka da ya rayu daga shekara ta 384 zuwa ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce hanyoyi uku ake shawo kan mai sauraro: halin mai magana da amincinsa, wato itos, motsa zuciyar mai ji, wato fatos, da hujjar da hankali zai karɓa, wato logos. Takardarka tambaya ɗaya take amsawa: wannan magana ta dace da mutanen da aka yi wa ita, kuma ta wace hanya? Kammalawa ita ce wurin yanke hukuncin. Kamar alƙali ne da ya saurari shaidu tun safe. In ya tashi bai ce komai ba sai ya sake jero sunayen shaidun, zaman ya tashi a banza.

KAYAN AIKI

Takardarka gaba ɗaya, daga gabatarwa har ƙarshe, a kan takarda. Gyara a fuskar waya yana ɓoye kurakurai, domin ido ba ya ganin sakin layi biyu a lokaci guda. In kuɗin bugawa ya yi wuya, buga shafin farko da na ƙarshe kawai, sauran ka karanta a waya.

Jawabin da ka nazarta. In rubutacce ne, ajiye shi a gefenka. In a rediyo ka ɗauko shi ko aka turo maka muryar a WhatsApp, tabbata wayar tana da caji kuma ka riga ka rubuta muhimman wuraren da hannu.

Biro kala biyu, ko biro da fensir. Farar takarda guda biyu. Takardar umarnin malami, in ya bayar. Sai mutum ɗaya da zai saurare ka na minti biyar, ko da bai taɓa jin kalmar balaga ba. Ka ware sa'a ɗaya da rabi.

MISALIN DA ZA MU YI AIKI DA SHI

A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, inda yara fiye da 400 suka rasu. Dalilin shi ne dutsen zinariya da ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa. Dalma tana cikin dutsen, ƙurar ta bi ƙasa, yara masu rarrafe suka riƙa kai ta baki. Wannan ya faru. Jawabin da zan yi misali da shi kuwa ni na tsara shi don koyarwa, ba maganar wani mutum ba ce.

Mu ƙaddara wani maigari ya tsayar da jama'a a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a. Ya fara da cewa jikansa ma yana kwance. Ya ce bai ce kowa ya bar haƙo ba, ya san da shi ake ci. Ya yi ta cewa “ku” har ya zo kan yara, sai ya ce: “Ɗiyanmu ka rarrahe cikin ƙurag ga.” Ya kawo karin maganar gemun ɗan'uwa da ya kama wuta. Can kusa da ƙarshe ya faɗi abin da ma'aikatan lafiya suka bayyana masa, ya rufe da roƙo guda: a fitar da dutse daga cikin gida.

Ga irin kammalawar da nake samu a kan jawabi kamar wannan:

“A ƙarshe, wannan takarda ta yi ƙoƙarin nazarin jawabin maigari a kan gubar dalma. An ga yadda ya yi amfani da itos da fatos da logos. Haka kuma ya yi amfani da karin magana da maimaitawa. Jawabin ya yi ma'ana ƙwarai da gaske kuma ya isar da saƙo. Gubar dalma babbar matsala ce da ta addabi al'umma, don haka ina kira ga gwamnati da masu hannu da shuni da su taimaka wa mutanen karkara da asibitoci. Duk kuskuren da aka gani a ciki ajizanci ne irin na ɗan Adam.”

Jimla shida ne, babu kuskuren nahawu ko ɗaya. Amma wanda ya karanta su bai ƙaru da komai game da jawabin ba. Ita za mu gyara.

1. RUFE KAMMALAWAR, KA KARANTA SAURAN

In da hali, bari rubutun ya kwana. In babu, tashi ka yi sallah ko ka ci abinci ka dawo. Ɗora farar takarda a kan kammalawar don kada idonka ya faɗa mata, sannan ka karanta daga gabatarwa zuwa sakin layin da ke gabanta, ba tare da gyara komai ba. Hannunka zai yi ƙaiƙayin gyara waƙafi da rubutun kalma. Bar su, lokacinsu na zuwa.

2. FITAR DA ABIN DA KOWANE SAKIN LAYI YA TABBATAR

A gefen kowane sakin layi, rubuta jimla ɗaya gajera da ke faɗin abin da ya tabbatar. Lura da kalmar: abin da ya tabbatar. In ka rubuta “itos” ko “karin magana”, sunan batu kawai ka rubuta. Abin da nake so shi ne irin wannan: “Ambaton jikansa ya sa shi cikin waɗanda abin ya shafa.” “Sauyawa daga ku zuwa mu ta zo daidai kan yara.” “Bayanin ma'aikatan lafiya ya zo a makare, da gangan.” “Roƙonsa ƙarami ne, kowa zai iya.”

Kwashe waɗannan jimloli ka jera su a farar takarda. Su ne kaɗai kayan ginin kammalawarka. Abin da ba ya cikin jerin nan ba shi da izinin shiga.

Wani lokaci za ka tarar da sakin layin da ka kasa fitar masa da jimla, domin labarin jawabin kawai ya sake bayarwa. Wannan ciwo ne na gundarin aikin, kuma kammalawa ba ta warkar da shi. Koma ka ƙara masa jimla biyu da ke faɗin aikin da dabarar ta yi a kunnen masu sauraro, sannan ka dawo.

3. SA WA JIMLOLIN KAMMALAWA LAMBA DA ALAMA

Yanzu buɗe kammalawar. Sa wa kowace jimla lamba, ka kuma rubuta harafi ɗaya a kanta da ɗaya biron. M ga maimaicin gabatarwa. W ga wa'azi ko kira ga hukuma. U ga uzuri da neman afuwa. S ga sabon abu da ba a tattauna a ciki ba. Y ga yabo maras hujja. H ga hukunci, wato jimlar da ta faɗi yadda jawabin ya yi aiki da dalilin haka.

A misalinmu, jimla ta 1 da ta 2 da ta 3 duk M ne. Ta 4 Y ce. Ta 5 W ce, kuma S ce, tunda ba a yi zancen asibiti a ko'ina cikin takardar ba. Ta 6 U ce. Babu H ko ɗaya. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Mafi yawan rubutun farko haka yake fitowa, har na manya.

4. YANKE

A nan ɗalibai suka fi jin ciwo, a nan kuma zan ɗan daɗe.

Fara da W. Na san daga inda wannan ɗabi'a ta fito. Tun a sakandare an saba rufe insha'i da kira ga gwamnati da iyaye da masu hannu da shuni, kuma batu irin na gubar dalma yana taɓa zuciya, musamman ga wanda yake da 'yan'uwa a waɗannan ƙauyuka. Damuwarka gaskiya ce, ban raina ta ba. Amma duba abin da ya faru: an aike ka nazarin yadda maigari ya yi magana, sai ka ture shi ka hau wurinsa kana naka jawabin. Aristotal ya ce mai jawabi yana da aiki huɗu a ƙarshen maganarsa: ya jawo zukatan masu sauraro gare shi ya kawar da su daga abokin hamayya, ya girmama abu ko ya ƙanƙanta shi, ya motsa zuciya, ya kuma tunatar. Wannan aikin mai jawabi ne. Kai mai nazari ne, naka shi ne ka duba ko ya yi su, da yadda ya yi su. Ja layi a kan jimlar. In tana ci maka rai, kwashe ta ka ajiye a wani littafi, wata rana ta zama wasiƙa zuwa gidan rediyo.

Akwai togaciya ɗaya. In kundin kammala karatu kake rubutawa kuma sashenku ya ce a sa shawarwari, sa su a ƙarƙashin kansu daban, kuma su zama shawarwari ga masu nazari da masu tsara saƙon faɗakarwa, tunda abin da bincikenka ya taɓa ke nan.

Sai U. Tawali'u hali ne mai kyau, kuma al'adarmu ce malami ya rufe karatu da neman afuwa. Sai dai a takardar jinga, jimlar tana gaya wa mai dubawa cewa kai kanka ba ka tsaya a kan abin da ka rubuta ba, daidai lokacin da ya ɗaga biro zai ba da maki. In ka san akwai kuskure, gyara shi. In akwai iyakar da aikinka bai tsallaka ba, misali muryar da ka samu ta yanke kafin ƙarshen jawabin, faɗe ta a fili a gabatarwa, a matsayin bayani. Godiya ga Allah da malamai da iyaye tana da shafinta a farkon kundi.

S kuwa hanya biyu ce. In sabon abin yana da muhimmanci, misali a nan ne ka fara lura cewa maigari ya yi magana da Zamfarci tsantsa bai juya harshe zuwa Hausar rediyo ba, to ka yi tsintuwa. Ɗauke shi ka kai shi gundarin aiki, ka ba shi sakin layinsa da misalansa, ka ƙara shi a jerinka na mataki na 2. In ba shi da nauyin da zai cika sakin layi, jefar da shi.

M ba a yanke ta duka. Mai karatu yana buƙatar tuni, amma rabin jimla ya isa. “Wannan takarda ta yi ƙoƙarin” kuwa a cire ta ɗungum. Malamin da ya karanta shafi biyar ya san abin da takardar ta yi ƙoƙarin yi.

Y ita ce mafi yaudara, domin kama take da hukunci. Ga gwajin da nake sa ɗalibai su yi: ɗauki jimlar ka ajiye ta a ƙarƙashin wani jawabi dabam. “Jawabin ya yi ma'ana ƙwarai kuma ya isar da saƙo” za ta zauna daram a ƙarƙashin huɗubar Idi, da tallan taki, da jawabin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi a Legas ranar 1 ga Oktoba 1960. Jimlar da ta dace da kowane jawabi ba ta faɗi komai a kan naka ba.

Bayan wannan yanka, wataƙila rabin layi ne zai rage maka. Haka ake so.

5. RUBUTA JIMLAR HUKUNCI

Koma kan jerinka. Tambayi kanka: a cikin waɗannan dabaru, wace ce in aka zare ta jawabin zai rushe? Gwada su ɗaya bayan ɗaya. In maigari bai kawo karin magana ba, jawabin zai rage armashi amma zai tsaya. In bai ambaci jikansa ba, za a saurare shi da ɗan nisa, amma za a saurara. In kuwa cewa ya yi kowa ya bar haƙar zinariya daga yau, mutane za su ce “Allah ya ja zamaninka” su watse, gobe su koma rami, domin babu wanda zai bar abincinsa saboda jawabi ɗaya. Ashe ginshiƙin shi ne ƙanƙantar abin da ya roƙa.

Rubuta wannan a jimla ɗaya mai sauƙi, kamar kana gaya wa abokinka a kan hanyar ɗakin karatu. Sannan ka tambayi jimlar: to, sai me? In ka rubuta “Maigari ya yi amfani da fatos”, to, sai me? Kowane mai jawabi yana yi. “Ya ambaci yara don ya sosa zuciya.” To, sai me? “Ya ambaci yara da kalmar mu, don kada iyayen da suka yi rashi su ji ana ɗora musu laifi.” Yanzu ka iso. Yawanci sai an yi tambayar sau biyu ko uku kafin a taɓo ƙasa.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne jin cewa dole sai an raba maki daidai tsakanin itos da fatos da logos, kamar rabon gado. Jawabai ƙalilan ne suke tsayawa a kan ƙafa uku daidai. Faɗi wadda ta ɗauki kaya. In kuma abin da ya ɗauki kayan ba ya cikin ukun, kamar zaɓen lokaci ko wuri ko girman buƙata, faɗe shi da Hausar da kowa zai gane. Sunayen Girkanci kayan aiki ne, ba su ne sakamakon ba.

6. ƊAURA SAURAN DABARUN A JIKIN GINSHIƘIN

Sauran jimlolin jerinka yanzu za su shigo, amma a matsayin masu yi wa hukuncin hidima. Kada ka bi jerin da suka zo da shi a takardar; bi nauyinsu. Biyu ko uku sun isa, kuma kowace ta zo da aikinta a gefenta: ya yi kaza don kaza. Kalmomin haɗi su ne ke nuna ko ka yi wannan aikin. In kammalawarka cike take da “haka kuma” da “bugu da ƙari” da “har ila yau”, tara kaya kake yi. In ka ga “saboda haka” da “domin” da “shi ya sa” da “sai dai”, gini ya fara tashi.

7. FAƊI INDA JAWABIN YA GAZA

Ɗalibai da yawa suna jin nauyin wannan, musamman in mai jawabin basarake ne ko malami ko dattijo. Kunya ce mai tushe, amma nazarin magana ba cin mutuncin mai ita ba ne, kuma ana iya yin sa cikin ladabi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambaya: wa ya kamata ya ji wannan magana amma ba ya wurin, ko yana wurin amma ba a yi da shi ba? A misalinmu amsar tana kusa. A ƙofar masallaci aka yi jawabin, maza ne a tsaye, alhali wani kaso mai yawa na daka da niƙan a cikin gida ake yi, a hannun mata.

Ka tuna dokar mataki na 2: in raunin bai fito a gundarin aiki ba, kai shi can tukuna. In kuma ka duba da gaske ba ka ga rauni ba, kada ka ƙirƙiro. Faɗi iyakar jawabin: a wurin wa zai yi aiki, a wurin wa ba zai yi ba.

8. KADA KA FAƊI ABIN DA BA KA GANI BA

“Jawabin ya sa mutane sun daina niƙa dutse a gida.” Ka je ka gani? Kana da wata shaida? In babu, ba ka da ikon rubuta wannan. Abin da ke hannunka shi ne maganar da mutanen da aka yi wa ita, saboda haka ce “an tsara shi don”, ko “zai fi kama magidanta”, ko “ya dace da”. Wannan gyara na kalma biyu ne, amma malami mai lura yana ganin sa.

9. HAƊA, KA KULA DA JIMLAR ƘARSHE

Malaman balaga sun ce wuri uku mai magana ya kamata ya fi ƙawatawa: buɗewa, da tsallakawa daga shimfiɗa zuwa manufa, da rufewa. Wasu ɗalibai sun ɗauka ƙawata rufewa shi ne a liƙa karin magana. Karin maganar da ba ta fito daga cikin nazarin ba ado ne na aro, kuma mai karatu yana ji. Jimlarka ta ƙarshe ta zama a kan jawabin, ta kuma zama abin da ba za ka iya faɗa a gabatarwa ba domin a lokacin ba ka kawo hujja ba tukuna.

Ga yadda kammalawar nan ta koma:

“Ƙarfin jawabin maigari yana cikin ƙanƙantar abin da ya nema. Ya san mutanen da ke gabansa da zinariya suke ciyar da iyali, saboda haka bai nemi su bar haƙo ba. Ya roƙi abu guda da kowane magidanci zai iya yi kafin magariba, wato fitar da dutse daga tsakar gida. Sauran dabarunsa wannan roƙo suke share wa hanya: ya fara da rashin lafiyar jikansa don a ji shi a matsayin wanda abin ya shafa, ya sauya daga ‘ku’ zuwa ‘mu’ daidai inda ya ambaci yara don kada iyaye su ji zargi, ya kuma jinkirta bayanin ma'aikatan lafiya har zukata suka yi laushi. Sai dai a ƙofar masallaci ya yi magana, a gaban maza, kuma babu jimla ɗaya da ya tsara don a kai wa matan da turmi yake hannunsu. Jawabin ya dace da waɗanda suka ji shi, amma da yawa daga waɗanda ake so su sauya yadda suke aiki ba sa cikin taron.”

Jimla shida. Ga takarda mai shafi huɗu ko biyar, sakin layi ɗaya mai jimla biyar zuwa takwas ya wadatar. Lura cewa ko sau ɗaya ba a ambaci itos ko fatos ba, amma duk suna ciki suna aiki. In malaminka yana son ganin sunayen, saka su a wurin da suka dace, ba za su ɓata komai ba. In kuma ya ce lallai a fara da “A ƙarshe” ko “Daga ƙarshe”, bi umarninsa. Kalma biyu ne, abin da ya biyo bayansu shi ne naka.

10. KOMA GA GABATARWA

Ajiye shafin farko da na ƙarshe gefe da gefe. Sau da yawa za ka ga gabatarwa ta yi alkawarin abu ɗaya, kammalawa ta iso wani wuri da ya fi shi kyau. Gabatarwar za ka gyara, domin lokacin da ka rubuta ta ba ka san abin da ka sani yanzu ba. In ta ce za a nazarci karin magana a jawabin maigari, sauya ta ta ce za a duba yadda ya shawo kan mutanen da abincinsu ke cikin abin da yake gargaɗi a kai. Duba kuma kada wata jimla ta fito iri ɗaya sak a wuraren biyu.

11. KARANTA DA MURYA, SANNAN KA DUBA BUGU

Karanta wa mutuminka kammalawar kaɗai, da murya, sannan ka tambaye shi abu biyu: mene ne ya ba jawabin ƙarfi, kuma ina ya gaza? In ya amsa daidai ba tare da ka taimaka masa ba, aikin ya yi. In ya ce “wato dai jawabin ya yi kyau”, koma mataki na 5. In ba ka sami kowa ba, ɗauki muryarka a waya ka saurara bayan minti goma. Duk inda numfashinka ya yanke kafin aya, jimlar ta yi tsawo, raba ta biyu.

In da Turanci aka ce ka rubuta, matakan ba su sauya ba. Na ga ɗalibai da yawa da suka fi samun hukunci mai kaifi in sun fara faɗinsa da Hausa a farar takarda, sannan su rubuta shi da Turanci. In kuma lokaci ya ƙure, saura rabin sa'a a karɓi takardu, yi mataki na 3 da na 4 da na 5 kawai: yanke, ka rubuta jimlar hukunci, ka bi ta da dabaru biyu.

Abu na ƙarshe shi ne shagon buga takardu. Ba kowace kwamfuta ce aka saita ta da haruffa masu lanƙwasa ba, kuma mai bugu yana sauri ne don layi. In aka cire wa ƙ lanƙwasarta, ƙurar da ta kashe yara ta koma kura ta daji. Tsaya a kansa ka duba ƙ da ɗ da ɓ da 'y a fuskar kwamfutar kafin a fitar. Ka gaya masa tun farko kada ya gyara Zamfarcin da ke cikin alamar zance: “ɗiyanmu ka rarrahe” haka mai jawabi ya faɗa, haka za ta zauna. In an riga an fitar babu lanƙwasa kuma babu kuɗin sake bugu, bi su da baƙin biro mai siririn baki ka saka da hannu. Tsohuwar kammalawar da ka ja wa layi kuma kada ka yar da ita, ninke ta cikin littafinka har a dawo maka da takardar, don ka gwada jan biron malam da naka.